Jan fenti a katangar gidanmu

Ko zan manta da komai a Zongo, ba zan manta da shekarar da aka shafa wa katangar gidanmu jan fenti ba. Kakanmu ne ya gina gidan, tsohuwata Hajiya tana ciki, kuma kowa ya san jan fenti alamar rusau ce.

Kowace damina ruwa yakan kwanta mana a layi, sai mun naɗe wando kafin mu isa masallaci. Da aka tashi gina magudana, masu aikin suka zo da taswirar kwamfuta mai nuna tudu da kwarin unguwa, kowane wuri da launinsa. Gidanmu ya fito shuɗi kamar an tsoma shi a baban rini, wai nan ne ya fi ko'ina zurfi, don haka ta cikinsa magudanar za ta bi. Ni direban babbar mota ne, bakina ba shi da birki. Na yi ta masifa har muryata ta dushe, amma wa zai ja da kwamfuta?

Cikin ma'aikatan akwai 'yar maƙwabcinmu, wani Alhaji mai fataucin shanu, wadda ta karanci aikin taswira. Haushi ya sa na daina amsa gaisuwarta. Wata rana ta same ni a ƙofar gida, ta rusuna.

"Kawu, ruwa ya taɓa shiga ɗakin Hajiya?"

"Ku da kuke da na'ura, ni za ki tambaya?"

"Don Allah, Kawu."

"Bai taɓa ba. A layi yake tsayawa."

Ta ɗaga kai ta dubi benayen da suka sa mu a tsakiya, ta dubi tsohon rufinmu na kwano. Sai ta ce daga tauraron ɗan adam aka samo taswirar, shi kuwa daga sama rufi yake gani, ba ƙasa ba. Gidanmu gajere ne cikin dogaye, shi ya sa ya fito kamar rami.

Kwana uku tana tsayawa bakin masallaci da azahar, tana bin ruwan alwala da ido don ta ga inda yake gangarawa. Dattawa suna ta yi mata dariya, ni ma na taya su. Daga nan ta matsa aka kawo na'urar awo mai ƙafa uku, aka auna ƙasar kanta layi-layi, aka sake taswira.

Ranar taron unguwa ta buɗe sabuwar a gaban kowa. Shuɗin ya bar gidanmu, ya koma inda ruwan alwala yake bi, ya ratsa ta tsakiyar zauren mahaifinta. 

"Kin tabbata?" in ji Alhaji.

"Sau biyu na auna, Baba. Ta nan za ta bi."

Sai ya ce a ba shi mako guda ya kwashe kayansa.

Sai daga baya na gane tun ranar da ta bi ruwan alwala ta san inda maganar za ta ƙare, kuma ba ta fasa ba. Wallahi kunya ta rufe ni. Tsohuwata ta ƙarasa kwanakinta a ɗakinta, ba a taɓa ko bulo ɗaya ba.

Abin da na koya shi ne na'ura abin da ta hango kawai take faɗa, sai an sami mai gaskiya da zai sauko ya duba ƙasa, ko da zauren gidansu zai tafi. Yau in na hango ta a layi, ni nake fara gaishe ta.