Dilkar da Na Goga wa Fadi a Fuska

Ni ne da laifi, ba ƙanwata Fadimatu ba. Na daɗe ina ce wa kaina yarinta ce, amma a lokacin na girma, na san abin da na yi, na kuma san abin da na ƙi faɗa.

Wata Asabar ce a tsakiyar bazara, irin zafin Garwa da ba ka iya taka ƙasa ba takalmi. Baba ya tafi mayanka tun asuba, mahaifiyarmu Dada ta wuce suna a unguwar Fulɓere. Fadi tana zaune a kan kifaffen turmi a bayan madafa, ta ɗaure gashinta, ta rufe ido, ta miƙo mini fuska. Ni kuma ina tsaye a kanta da kwano cike da kwaɓin da na haɗa da hannuna.

Kafin wannan shekarar, Fadi ba ta san kunya ba. Tare muke kai tiren nama gidajen masu oda, tare muke wanke wuƙaƙen Baba da toka, in mun gama mu gudu bakin kogin Binuwai mu yi ta jifan ruwa. Ta fi ni karatu nesa, ni na san haka, Baba ma ya sani. Sai ƙurajen balaga suka feso mata a goshi da kumatu, jajaye, wasu da farin baki. ’Yan ajinsu a lise, wato makarantar sakandare, suka laƙa mata suna “Bayan Kada”. Ta daina ɗaga hannu a aji, ta koma tafiya da gefen mayafi a baki. Ga shi an ce kowa ya kawo hoto don takardun babbar jarrabawar ƙarshen shekara.

Ni kuwa bayan makaranta ina taya Kawu Bello zama a shagonsa na man shafawa a babbar kasuwa. Shara nake yi da jera kwalabe, amma a gida ji nake kamar likita. Na taɓa jin wata ’yar kasuwa daga Kuseri tana cewa dilka, kwaɓin nan da ake goge wa amare jiki da shi, “tana kwashe tsohuwar fata, sabuwa ta fito”. Ban tsaya na ji cewa ƙafa da hannu da baya ake goga wa ba. Na ɗebo dilkar a ɓoye, na matse lemon tsami a ciki, na barbaɗa kanwa, na ƙara da wani mai na cikin tib, robar nan da ake matsawa, mai hoton farar mace.

Da na fara gogawa sai ta damƙe gefen turmin.

“Hamma, da zafi,” ta ce, don haka take kirana a matsayin yayanta.

“Zafin ne maganin. Ko kin fi son zama kada?”

Ta ƙara damƙe turmin. Na ci gaba da dirzawa da soso kamar mai kankare tukunya. Ƙurajen suka farfashe, kwaɓin ya fara yin ja. Na gani, amma na kasa tsayawa, don tsayawa na nufin ban san komai ba. Na ce ta zauna a rana har ya bushe. Ta zauna, hawaye na bi ta cikin kwaɓin.

Washegari fuskar ta kumbura har idonta ɗaya ya kusa rufewa, fata na saɓulewa tana tsattsafo da ruwa. Dada ta ɗora hannu a ka tana salati. Baba ya shigo, ya dubi Fadi, ya zagaya bayan madafa, ya dawo riƙe da tib ɗin da na jefar a bayan randa. A duniya babu abin da Baba ya tsana kamar man sauya launin fata.

“Wa ya shigo mini da wannan gida?”

Ina tsaye da bokiti a hannu. Fadi ta dube ni sau ɗaya da idon da ke buɗe. Na sunkuyar da kai ina kallon ruwan bokitin.

“Ni ce, Baba.”

Bai doke ta ba. Cewa ya yi idan abin da ake koyo a lise ke nan, a raina fatar da Allah Ya ba mutum, to ta gama karatu. Dada ta kai ta asibiti, aka wanke, aka ba ta magani, aka hana ta taɓa fuskar da komai sai ruwa da sabulu marar ƙarfi. Ciwon ya warke, ya bar baƙin tabo a kumatu biyu. Ba a ɗauki hoton ba, ba ta zauna jarrabawar ba. Kowace safiya ina sa rigar makaranta a gabanta tana sharar tsakar gida, ina cewa gobe zan faɗa wa Baba. Ita kuma ba ta taɓa tayar da maganar ba. Har aka yi mata aure ta koma Tibati.

Yau shagon Kawu nawa ne. Yara masu irin fuskar Fadi suna zuwa da waya a hannu, suna nuna mini haɗin da suka gani: gishiri, sukari, lemon tsami, man goge baki. Nakan ce su wanke fuska safe da yamma da sabulu mai sauƙi, kada su dirza, kada su matse, su gwada mai ɗaya a gefen muƙamuƙi su ga yadda fata za ta karɓa. Wanda nasa ke ciwo ko yana ruwa, asibiti nake tura shi. Wasu su fita da fushi su saya a shagon gaba. A da ba mu da inda za mu tambaya, yanzu masu ba da amsa sun yi yawa, kuma yawancinsu irina ne a wancan lokacin.

Bara Fadi ta zo ganin gida, ta biyo shago da babbar ’yarta, goshin yarinyar cike da ƙuraje.

“Hamma likita, duba mana ita,” ta ce tana murmushi. “Amma da ido kawai.”

Yarinyar ta yi dariya don ba ta san komai ba. Ni na kasa. Na rufe shago kafin la’asar, na bi su gida. Baba yana kishingiɗe a zaure, tsufa ya rage masa ji, sai da na durƙusa kusa da kunnensa na ɗaga murya, har na cikin gida suka ji.

“Baba, man nan da ka tsinta a bayan randa, ni na kawo shi. Ni na haɗa, ni na goga mata. Ƙarya ta yi don ta rufa mini asiri.”

Sannan na juya wajen Fadi, tana tsaye a bakin ƙofa.

“Na ɓata miki fuska, na bari aka cire ki daga makaranta ina tsaye ina kallo. Ba ni da abin da zan mayar miki. Fadimatu, don Allah ki yafe mini.”