Kofin da Ergash Ya Cika

Shekara goma sha tara Ergash ya yi yana kiwon tumakin ƙauyenmu. Da safe kowane gida ya koro nasa, shi kuma ya haɗa su ya nufi tudu. Da yamma ya biyo da su ta magudanar da ke ƙasan gonar inabin Holmat, su sha ruwa. Mutum ne marar yawan magana, amma tari ɗaya tunkiya za ta yi ya faɗa maka ta gidan wa ce.

A bazarar da abin ya faru, tumaki arba'in da ɗaya suka mutu cikin sati biyu. Idanunsu suka yi rawaya, fitsarinsu ya koma kamar baƙin shayi. Ergash ya ce ruwa ne. Ya ce ya sha ganin Holmat yana wanke tankin feshi a magudanar, shuɗin maganin inabin nan mai tagulla yana bin ruwa. Sai bayan kwana shida aka ɗebi ruwan a kwalba aka kai Samarkand. Sakamako ya dawo, wai ba komai.

A shagon shayi aka yi zaman, kuma Holmat ne ya fi kowa ɗaga murya.

"Ruwa dai? Ka miƙe a inuwa ka sha barcinka, dabbobi sun ci ɗanyar ciyawa sun kumbura, shi ne za ka lanƙaya wa inabina?"

Ya ɗauki buta ya cika wa Ergash kofi har baki. A wajenmu mai daraja kaɗan-kaɗan ake zuba masa, don ya daɗe a zaune. Wanda aka cika wa kofi, an ce masa ya sha ya tashi ke nan. Ergash ya shanye, ya tashi. Washegari ba gidan da ya koro masa tunkiya.

A wannan shagon ya samu aikin wanke kofuna. Shekara tara yana zuba wa Holmat shayi, kaɗan-kaɗan yadda ladabi ya ce, yana kallon shuɗin da ke ƙarƙashin faratan Holmat. Bai manta ba, bai kuma yafe ba. Ya haddace ranakun mutumin tsaf: Laraba feshi, Alhamis da hantsi wankin tanki, daidai lokacin da ake buɗe wa unguwar ƙasa ruwa.

Bana wata malamar jami'a mai suna Mohira ta zo auna ruwan rijiyoyi. Ta zauna shan shayi, ta baje wasu siraran takardu a kan tebur. Ergash ya tambaye ta na mene ne.

"Zaren DNA muka ɗora a kai, irin wanda ke jikin kowane mai rai," in ji ta. "In ya haɗu da tagulla a ruwa sai ya tsinke. Da ya tsinke, ka haska wannan 'yar tocila, za ka ga kore."

"Kwana nawa kafin a gani?"

"Kwana kuma? Minti goma."

Ergash ya ajiye buta ya zauna. Ba a taɓa ganin ya zauna a bakin aiki ba. Ya ba ta labarin magudanar Holmat.

"Mohira opa, ki dawo ranar Alhamis da hantsi," in ji shi. Opa, wato yaya, haka muke girmama mace.

"Ni rijiya nake aunawa, ba rabon faɗa na zo ba."

"Ba faɗa ba ne. Tumaki ne arba'in da ɗaya." Ya shiga lissafa mata su gida-gida, har da mai yankakken kunne. Kafin ya kai ta ashirin ta ce za ta zo.

Ranar Alhamis ya gayyato dattawa da mai rabon ruwan ƙauye zuwa bakin magudanar. Mohira ta ɗiga ruwan saman gonar Holmat a takarda ɗaya, na ƙasan gonar a ta biyu. Aka jira. Mai rabon ruwa ya cire hularsa ya yi musu inuwa, ta haska. Ta farko ba komai. Ta biyu ta yi kore shar.

Sai ga Holmat ya fito ta ƙofar bayan gonarsa, hannunsa jiƙe har gwiwa.

"Kai, mai wanke kofi! Takardar birni ce za ta ƙaryata ni?"

Ergash ya zaro kofi daga aljihun rigarsa, ya sunkuya ya ɗebi ruwan magudanar har baki, ya miƙa masa da hannu biyu.

"Holmat aka," in ji shi, wato yaya Holmat, "ka ce ruwan nan lafiyarsa ƙalau. Bismillah."

"Kada ya sha!" in ji Mohira.

"Kwantar da hankalinki, opa. Ba zai sha ba. Ya riga ki sanin abin da ke ciki da shekara tara."

Holmat ya dubi kofin, ya dubi dattawa. Bai miƙa hannu ba. Ergash kuma bai sauke nasa ba, sai da kowa ya gama gani.

Satin da ya biyo, kukan tumaki ne ya tashe shi a ƙofar gida. Ya ɗauki sandarsa ya koma tudu. Amma duk Juma'a yana leƙawa shagon shayi, ya zauna kusa da buta yana kallon ƙofa. Har yau Holmat bai shigo ba.