Kibiya uku a gaban sunan Malam Isiyaku

Da safiyar yau, ina bakin aji da alli a hannuna, aka kira ni aka ce Malam Isiyaku ya rasu.

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Ƙaninsa Alhaji Sale ne ya kira. Ya ce bayan sallar asuba ne, a gidansu na Tsohon Birnin Gwari. Na ce masa to, na gode, kamar wanda aka gaya wa farashin masara. Sai da na shiga aji yara suka miƙe suna gaishe ni, sannan maganar ta shige ni, na juya na fita.

Yanzu na dawo daga can. Ban iya cin komai ba, shi ya sa na zauna nake rubuta wannan.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shekara shida muka yi tare a wata sakandare a nan Birnin Gwari. Shi ne jami'in jarrabawa, ni kuma sabon malami mai rawar kai. Ya girme ni da fiye da shekara ashirin, amma bai taɓa kirana yaro ba. Sunan da ya sa min ya fi haka ciwo, Sarkin Gobe yake ce min.

Kuma na ci sunan. Makin yara, gobe. Takardar darasi, gobe. Har tsaron jarrabawa na taɓa mantawa, ina can kasuwa ina cinikin takalmi. Da na dawo a guje, na tarar da Malam zaune a kujerata yana tsare min ajin. Bai gaya wa firinsifal ba. Ce min kawai ya yi, “Takalmin ya yi kyau. Bayan an tashi ka same ni a ofis.”

Na ɗauka faɗa zan sha. Sai ya kunna tsohuwar kwamfutar makaranta, wadda sai ta gama nishinta take buɗewa, ya nuna min wata takarda da ya tsara da kansa. Jadawalin mako ne, shafi ɗaya, gida bakwai daga Asabar zuwa Juma'a. Kowace rana da kwanan watan boko da na Musulunci. Babu ƙarfe kaza ko ƙarfe kaza a ciki. Da salloli ya raba ranar: bayan asuba, hantsi, bayan azahar, bayan la'asar, bayan magariba.

Na ce, “Malam, ai duk wannan yana cikin waya.”

Ya ce, “Wayar da rabin wata babu sabis, rabin wata babu caji? Ranar da aka ɗauke sabis, fitila ce kawai a aljihunka.”

Ban ja da shi ba, don duk wanda ya zauna garin nan ya san gaskiya ya faɗa.

Ya zuba min a filash, ya raka ni shagon kwamfuta na bakin kasuwa. Muka jira mai shagon ya tayar da janareta, aka buga mana shafi goma sha uku, na wata uku ke nan. Malam ya huda su da kansa, ya zura igiyar fayil ya ɗaure. Ya ciro fensir a aljihun gaba ya ba ni, ya ce kada in kuskura in yi rubutu da biro, domin ɗan Adam ba shi da gobe a hannunsa.

Ranar Juma'a bayan la'asar ake cike na mako mai zuwa. Ba a sa fiye da abu uku a rana. A ƙasan shafin akwai wani ɗan akwati da ya rubuta wa “Wa ke jirana?” Ya ce a nan ake sa mutane, ba aiki ba. Wanda ka ce za ka duba, wanda ka ce za ka kira, wanda ka ce wa ina nan tafe.

Doka ɗaya ce ya ce ba ta da sassauci. Abin da ba ka yi ba, ka ja masa kibiya ka kai shi mako na gaba, ka tafi da kibiyarsa. In kibiya ta kai uku, babu ta huɗu. Ko ka tashi ka yi, ko ka je ka gaya wa mutumin ba za ka yi ba, ya daina jira.

“Ƙin yi ba shi ne zalunci ba,” in ji shi. “Barin mutum yana sauraron ƙofa, shi ne.”

Wallahi takardar nan ta gyara ni. Makina ya daina makara. Matata ta daina tuna min ranar awo. Lokacin da aka yi mata aiki a Kaduna na yi sati biyu ba na nan, Malam ya ɗauki jadawalina ya shiga duk azuzuwana, shi da ba fanninsa ba ne. Na dawo na ga ya yi wa kowane gida alamar an yi, a ƙasa ya rubuta, “Yaranka sun fi ka zuwa a kan lokaci.”

Bara ya yi ritaya. Ciwon suga ya riga ya taɓa masa ƙafa, sai ya koma gidan gado a Tsohon Birnin Gwari inda akwai masu kula da shi.

Ganina da shi na ƙarshe wata biyar ke nan, a tasha. Ya zo asibiti zai koma. Ya rame, yana dogara sanda, amma bakin nan yana nan yadda na san shi. Muna jiran mota ta cika ya ce min shafukansa sun kusa ƙarewa, in buga masa na wata uku.

Na ce, “An gama, Malam. Gobe zan ba direba.”

Ya yi dariya. Ya ce, “Takarda kowane direba zai iya kawo ta. Kai nake so ka kawo. Can babu wanda nake tsokana.”

Na ce Asabar mai zuwa, in sha Allah. Ya ce Allah Ya kai mu. Motar ta tashi yana ɗaga min sanda ta taga.

Washegari na buga su. Na huda, na ɗaure, na sa a jakata. Na rubuta sunansa a akwatin masu jirana.

Asabar ta farko aka ce an tare mota a hanyar dajin, kowa ya zauna gida. Wannan uzuri ne na gaskiya, na ja kibiya ba tare da jin komai ba. Ni mutum ne mai tsoron hanyar nan, ba zan ɓoye ba. Na taɓa kasancewa cikin motar da ta yi kwana a guje saboda masu tare hanya.

Asabar ta biyu hanya ta lafa, motoci na zuwa suna dawowa. Ni kuma ina da ɗaurin aure. Kibiya ta biyu.

Ta uku ban ma tuna me ya hana ni ba. Ina jin ƙwallo ce.

Kibiya uku ke nan. Doka ta ce ko in tafi, ko in kira shi in ce, Malam, ba zan zo ba. Kun san abin da na yi? Na yage shafin, na je bakin kasuwa aka buga min sabo, na rubuta sunansa fes babu kibiya ko ɗaya. Da filash ɗin da ya ba ni na yi wannan.

Ba sau ɗaya na yi ba. Har mai shagon ya tambaye ni ko ɓera ke cin takarduna.

Bai wa direba takardun ma na kasa, don in na aika, na amsa ke nan cewa ba zan je ba. Sau biyu Malam ya samu sabis ya kira, ina kallon sunansa a waya har ta tsinke. Kunya ce ta hana ni ɗauka, kullum kuma ƙaruwa take.

Sati uku da suka wuce Alhaji Sale ya kawo masara kasuwa, ya neme ni har makaranta. Ya ce, “Yaya ya ce in gaya maka ka daina wahalar da kanka. Ya ce ya yafe maka zuwan, takardar ma yana jan layinta da rula.”

Abin da ya fi damuna yau shi ne wannan. Da na ji saƙon nan, daɗi na ji. Sanyi na ji har cikin raina. Na ce a gaishe shi da jiki, na koma ofis na sa abin gogewa na goge sunansa. Ko tambayar yaya ƙafar ban yi ba.

Yau da aka ce ya rasu, ko shawara ban yi da kowa ba. Na ajiye alli na hau mashin ɗan acaɓa. Hanyar da ta gagare ni wata biyar, babu wanda ya tare mu, babu wanda ya ce mana kanzil. Manoma na gonakinsu, mata na tafe da itace.

Duk da haka ban samu jana'iza ba. Ina isa ana dawowa daga maƙabarta.

Da jama'a suka ragu na ja Alhaji Sale gefe. Na ce, “Alhaji, don Allah ka gaya min gaskiya, Malam ya yi fushi da ni?”

Ya ce, “Fushi kuma? Ai duk Asabar sai ya sa an fito da shi zaure tun hantsi, a shimfiɗa tabarma biyu.”

Na ce kafin ya aiko ka da saƙon ya yafe min zuwan ke nan.

Ya ce, “Har ta shekaranjiya.”



Ya Allah, bawanKa Isiyaku ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Ka ba iyalansa haƙuri. Bai taɓa barin kowa yana jiransa ba, Ka sa ya tarar da rahamarKa tana jiransa.

Duk wanda ya karanta wannan, ko bai san shi ba, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a yanzu, kada ya ce anjima. In kun gama ku sa ni a ciki. Malam ya yafe min, ni ne har yanzu na kasa.