Alhamis Ɗin Baba

Ko ƙwaƙwalwata ta tsufa ta zubar da komai, ba za ta zubar da Alhamis ɗin da aka je nema mini aure a Argungu ba.

Lokacin ba a daɗe da ƙirƙiro Jihar Kebbi ba, aka kwaso mu ma'aikatan gwamnati daga Sakkwato aka zube a Birnin Kebbi, babu masauki babu dangi. Wani dattijo, tsohon malamin makaranta, shi ya ba ni ɗaki a zaurensa. Duk unguwa Baba ake ce masa. Rikicin gado, yaron da ya ƙi karatu, ma'auratan da suka saɓa, duk a tabarmarsa ake kashe su. Amma ranar Alhamis daga azahar, ko wane ne kai ba za ka same shi ba. Ni kuwa Allah ya yi ni da son jin ƙwaƙwaf. Na tambayi 'ya'yansa, sai su yi murmushi kawai.

Da na ga yarinyar da nake so, mahaifinta ya ce a turo manya ranar Alhamis da la'asar, ya kuma aiko cewa akwai wani mai nema, idan ba mu zo ba shi zai ba. Ba ni da babba sai Baba. Na je na gaya masa.

Ya ce, "Za mu tahi. Amma mu ukku na."

Ta ukun ita ce matarsa, Inna, wadda ta makance shekaru da dama. Da hannunsa ya sa ta a gaban tsohuwar motarsa, ya gyara mata mayafi. Da muka kusa gari sai ya saki titi ya gangara bakin gulbi, ya shimfiɗa tabarma, suka zauna. Ashe Inna ɗiyar masunta ce, a bakin ruwan nan ta tashi, kuma nan yake kawo ta duk mako. Ya shiga ba ta labarin abin da yake gani: ruwa ya ja baya, ga wani a ruwa bisa gora yana jefa homa, ragar kamun kifi, shinkafar ƙetaren gulbi ta soma ja.

Ta ce, "Wanga ba masunci ba ne, Malam. Ji yadda yaka bugun ruwa."

Ya yi dariya ya ce ta fi shi gani. Ni ina tsaye ina kallon rana tana sauka, raina ya ɓaci ƙwarai, ina cewa a zuci aurena zai mutu saboda hirar kifi. Sai da ta ce ya isa, sannan ya naɗe tabarma.

Mun isa an kusa kiran magariba. Mahaifin yarinyar ya haɗe rai, ya ce, "Malam, mi ya tsai da ku?"

Na zaci Baba zai ɗora wa mota laifi. Sai ya ce, "Mai ɗakina na kai ta ji gulbi. Alkawali na tun da idonta ya tahi, ban taɓa tada shi ba. Ka yi muna haƙuri."

Ni dai na riga na fid da rai. Sai mutumin ya nuna ni ya ce, "Gidanka yaka zaune?" Baba ya ce eh. Mutumin ya ce, "In nan ne zai koyi zama da mace, na ba shi."

Bayan shekaru Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Alhamis ɗin da ta biyo bayan Inna ta fita takaba, ni da matata muka kai ta bakin ruwan. Na yi ta ƙoƙarin faɗin abin da nake gani. Ta saurara, ta share hawaye, ta ce, "Ba ka iya ba, ɗana. Amma ci gaba."

Na ci gaba har ita ma ta bi shi. Abin da na koya shi ne, mutumin da gari ya dogara da shi, a cikin gidansa ya fara cika alkawari, kuma mutane suna gani ko bai faɗa ba.