Mijin Kaka Marar Baki

Duk ranar da na bi ta kasuwar Tawa na ji ƙamshin kabar da aka jiƙa, sai na rage tafiya. Ƙamshin hannun kakata ke nan, wadda ta haifi innata, kuma ita ce ta hana a sa mini aska a baki.

Ni ɗan fari ne. In kai ɗan Adar ne ka san abin da wannan yake nufi: uwa ba ta kiran sunanka, ba ta yi maka wasa, in ka yi dariya ta kau da kai don kunya. Al'adar ba ta bar yaro haka kawai ba, kakarsa ta wajen uba ce ke ɗaukarsa ta cika masa kunne da surutu. To, tawa ta rasu tun ina ciki. Babana ya tafi bida, wato ci-rani, can Abijan kamar sauran mazan ƙauyenmu na gefen Kalfu. Inna ta wuni tsakanin rijiya da turmi, ina goye a bayanta, ba mai ce da ni uffan. Ina ƙoshi, ina da tsabta, amma har na cika shekara uku ban da nuni da ɗan yatsa babu abin da na iya.

Sai baffana, wan baba, ya yanke hukunci. Wai jijiya ce ta ɗaure mini harshe, a kira wanzami ya yanke ta. Labari ya kai Takanamat, garin su inna, kwana biyu sai ga kaka ta sauko daga motar kasuwa da damin kaba a ka.

Ta buɗe bakina ta leƙa, ta ce, "Halshe nai lahiya lau. Wa ka yi mai magana cikin gidan ga?"

Baffa ya ce ya ba ta zuwa girbi, in an ɗaure dami ban yi magana ba, wanzami zai zo.

Damina ce. Gero ya kai gwiwa, ƙasa tana tururi bayan ruwa, kowa yana gona. Mu kuwa muna gindin bishiyar bedi a tsakar gida, tana saƙar tabarma, ina zaune a kan ƙafafunta. Matar nan ba ta rufe baki. Ta gaya mini kazar wa ta yi ƙwai, ta gaya mini wace maƙwabciya ce ba ta iya miya ba. "Angona," take ce mini, "miji marar baki, mi zan yi da kai?" Abin da sai da na girma na gane shi ne, in ta yi tambaya takan tsaya. Hannunta ya daina saƙa, ta zuba mini ido tana jira, kamar mai jiran amsar babban mutum. Ko gurnani na yi, sai ta ce, "Ashe! Haka kac ce?"

Kalmomi suka fara fitowa ɗaya-ɗaya, ruwa, hura, taho, amma baffa ya ce wannan ba magana ba ce. Gero ya yi kai, ya nuna, aka fara wasa lauje. Rannan kaka ta tarar an cinye mata rabin kaba, ta kama kunnena a gaban mutanen gida ta ce ni ne ɓarawon. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na fizge na ce, "Ba ni na ba! Akuya ta!"

Baffa ya ajiye ludayin furarsa. Inna tana sheƙe tsaba, ba ta juyo ba, sai dai ta ɗauki ƙwaryarta ta zaga bayan rumbu ta daɗe. Ban taɓa jin haushinta ba, kuma har gobe ina tausayinta.

Yanzu aikina bin gidaje ne, ina tambayar iyaye mata yadda suke renon ƙananan yara. Ana yawan kuka da ƙarancin abinci da nisan likita, kuma gaskiya ne. Amma akwai wani rashi da ba ya hawa sikeli. Kunyar ɗan fari tana nan daram, kakannin ne babu. Amarya tana ɗakin haya a Tawa, tsohuwa tana ƙauye, miji yana Libiya.

Kwanan baya na shiga irin wannan gida. Yaro ya haura shekara biyu, idonsa tar, bakinsa gum. Na tambayi uwar ko tana hira da shi, ta rufe fuska da gyale tana dariya.

"Malam, ɗan hwari na hwa."

Na rufe takardata na ce, "Ƙanwata, kunya gaban mutane aka yin ta. In kun rage ku biyu, wa ka ganin ki?"

Da na koma bayan wata guda, tun daga ƙofar gida na jiyo muryarta, tana ba shi labarin albasar da take yankawa, ta yi tambaya, ta tsaya. Na san in na yi sallama za ta yi shiru. Sai na jingina da bango a cikin rana, na bar sallamar tukuna.