Farin Mashin a Bakin Lungun Malam

Mahaifina ya yi shekara talatin da ɗoriya yana aikin ɗan sanda, kuma rabin shekarun a kan mashin ya yi su. Shi ne mai kai takardun gayyata daga caji ofis zuwa gidajen mutane a cikin birnin Zariya. Shi ya sa idan na ji samari a majalisa suna ɗaga jijiyoyin wuya a kan wane mashin ya fi dacewa da 'yan sanda, wannan ya ce mai gudu, wancan ya ce mai ƙaton inji, sai raina ya ɓaci in tashi in ba su wuri. Babu ɗayansu da ya taɓa tsayawa a ƙofar gidan dattijo da takardar hukuma a aljihu. Hotuna kawai suke gani a waya.

Mashin ɗin Baba nasa ne na kansa, ɗan ƙarami mara kuloci, irin wanda malaman firamare ke hawa. Fentinsa ya daɗe da koɗewa, ba mai iya rantsuwa kan ainihin launinsa. Siriri ne, yana ratsa lungun da mutum biyu ba sa iya jerawa, kuma ba shi da nauyi, idan an zo kwata sai Baba ya ɗaga gabansa ya tsallakar. Kujerar ta yage, madubi ɗaya ne, duk wannan bai dame shi ba. Salansar hayaƙinsa kaɗai yake lallashi kamar jariri. Da ta fara ƙara zai kai wa bakanike, ko da kuwa ranar ba a ci nama a gidanmu ba.

Ina yaro na ɗauka rowa ce ta hana shi sayen babba. Sai da na girma na gane yadda yake aikinsa. Yakan ɗora tsohuwar riga a kan kakinsa. Idan ya rage lungu biyu ya isa gidan da zai je, sai ya kashe injin ya tura da hannu, ya jingina shi a bango cikin sauran mashina. Ya yi sallama, ya nemi mai gida a zaure, a gaisa, a tambayi iyali da damina, sannan lokacin musabahar sallama ya bar takardar a tafin mutum a ninke. Maƙwabta sai su ɗauka baƙo aka yi. A birni inda kowa ya san kakan kowa, zuwan ɗan sanda ƙofar gida yakan bi mutum har neman auren jikokinsa. Baba ya san wannan, domin shi ma ɗan cikin ganuwa ne.

Yana da amini guda ɗaya, tun makarantar allo suke tare. Malam muke ce masa. Maɗinkin manyan riguna ne, aikin hannu, kuma shi ne na'ibin limamin unguwarsu, can wajen Ƙofar Gayan. Kusan kullum bayan La'asar Baba na kan dakalinsa, Malam na ɗinki, suna tsokanar juna kamar ba su da furfura.

"Ga ɗan sandan da ko akuya ba ta matsa masa a hanya," Malam zai ce in ya hango shi yana turo mashin.

"Kai dai ci gaba da tsikarar shaddar mutane," Baba zai amsa. "Rigar Sallar bara har yau mai ita na jira."

Inna ta sha cewa da Malam mace ne da tuni ta yi yaji. Ban taɓa jin Baba ya yi dariya har da riƙe ciki ba sai a kan wannan dakalin.

Saura shekara biyu Baba ya yi ritaya aka kawo wa ofishinsu sababbin mashina. Farare ne ƙal, manya, da akwati a kowane gefe, da fitila shuɗiya a baya, da tambarin hukuma a jikin tanki. In an tayar da ɗaya sai ka ji ƙirjinka na amsawa. Da yake Baba ne mafi daɗewa cikin mahaya, shi aka fara miƙa wa makulli, wai karramawa ce. Ya zo da shi gida, ya gagara shiga ta ƙofar zaure, sai da aka cire akwati ɗaya. Ranar na yi alfahari irin wanda ban taɓa yi ba. Na ce yau dai unguwa za ta san wane ne ubana.

Shi kuwa zagaya shi ya yi sau biyu, ya kama ƙahon ya jijjiga, ya ce, "Wannan na titin Kaduna ne. Na rakiyar manya ne da bin motar da ta gudu. Ba na lungu ba ne." Ya ci gaba da abinsa: in aikin babban titi ne ya hau fari, in na cikin birni ne ya dawo gida ya sauya da ƙarami.

A lokacin ina da shekara ashirin da shida, ina koyarwa a wata firamare ta wajen Wusasa, kuma na gaji da tsayuwar jiran keke mai ƙafa uku kowace safiya. Idona na kan ƙaramin mashin. Na yi ta naci, na sa Inna ta sa baki, na sa ƙanwarsa ta sa baki. Wata safiya na tare shi yana ɗaure takalmi.

"Baba, mashin biyu ga mutum ɗaya, ni kuma kullum ina makara. Gwamnati ta ba ka wanda kowa ke sha'awa, kana ɓoye shi kamar abin kunya."

Ya ɗago ya dube ni. "Ka san abin da nake yi da ƙaramin?"

"Na sani, Baba. Amma zamani ya canza. Yanzu wa ya damu?"

Har yau in na tuna wannan maganar sai in ji kamar in mari kaina. Baba ya zaro makullin ƙaramin daga aljihu ya ajiye a kan tabarma ya fita. Na ɗauka da murna, ko kunya ban ji ba.

Bayan kamar wata guda, cikin tsakiyar damina, wani maƙwabcin Malam ya kai ƙara ofis. Wai indararon Malam yana zubar da ruwa a gindin katangarsa, katangar ta fara zaizayewa. Maganar da mai unguwa zai kashe cikin minti goma ce, amma mutumin ɗan neman fitina ne. Aka rubuta takardar gayyata, aka sa cikin waɗanda Baba zai raba. Da ya ga sunan, sai ya yi hamdala da ba a ba wani ba, a ganinsa zai je ya sasanta su takardar ma ba sai ta fito daga aljihu ba.

Abin da ya faru ranar ban gani da idona ba, ina makaranta da ƙaramin mashin. Daga bakin Baba na ji wani, saura daga bakin mutane. An ce lallai takardun su isa kafin a tashi aiki. Gwiwarsa ta dama ta daɗe da lalacewa tun wata faɗuwa da ya yi, ba zai iya taka birni da ƙafa ba. Ya yi tunanin ajiye farin mashin nesa ya ƙarasa a hankali, to amma an gargaɗe su cewa duk wanda ya bar na gwamnati inda idonsa ba ya kai, aka taɓa ko madubi, a bakin aikinsa. Ya gwada kashe injin ya tura kamar yadda ya saba, nauyin ya fi ƙarfinsa, ga taɓo. Dole ya sake tayarwa. Haka ya zo yana ruri har bakin lungun Malam, lungun ya ƙi karɓarsa, ya kafe shi a nan, daidai ƙofar masallaci, ana fitowa daga Azahar. Gida uku ne kacal a lungun, biyu na zawarawa tsofaffi ne.

Malam ya shiga zaure ke nan ya ji ƙarar, ya leƙo ya ga jama'ar da ya gama ja wa salla sun yi cirko-cirko, ga amininsa na ɗingisowa da kaki, don an hana 'yan sanda ɗora riga in suna kan farin mashin. Baba ya ce tunda yake bai taɓa ganin fuskar Malam haka ba. Ya fara bayani, Malam ya miƙo hannu kawai.

"Kawo takardar, Yallaɓai."

"Haba, wane irin Yallaɓai kuma? Maganar indararo ce, zauna ka ji."

"Gidan mashaya ka rufa musu asiri. Gidan ɓarayin awaki ka rufa musu. Ni ne ka zo wa da wannan, a gaban masallacina?"

Maganar indararo ta mutu cikin kwana biyu, maƙwabcin da kansa ya janye. Amma wa ya ji wannan? Kafin Magariba labari ya kai kasuwa cewa an zo kama na'ibi. Wasu suka ce shaddar mutane ya sayar, wasu suka ce ɗansa aka samu da ƙwaya, har da masu rantsuwa sun ji jiniya, alhali ba a kunna ta ba. Abin da ya fi ba ni haushi, hujjarsu ɗaya ce: in ba babban laifi ba ne, ai Saje, kamar yadda suke kiran Baba, ba ya zuwa wa mutum a fili. Kirkin da Baba ya yi shekaru yana yi shi ya zama shaida a kan amininsa. Sati bai cika ba wani ya yi gyaran murya a sahu lokacin da Malam ya matsa gaba. Daga ranar bai sake jan salla ba.

Baba ya je washegari, a keke mai ƙafa uku, cikin farar riga. Aka ce Malam na barci. Ya koma jibi, aka ce ya fita. Ya aika liman, ya aika mai unguwa. Amsa ɗaya ce, wai ya yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya, amma kowa ya zauna inda yake. A masallacin Juma'a in sun haɗu Malam zai miƙa hannu ya ce, "Sannu, Yallaɓai," ya wuce. Baba ya daina fita bayan La'asar. Sai ya zauna a zaurenmu da rediyo a kashe.

Na ajiye masa makullin ƙaramin a inda ya ajiye mini, ya ce in ɗauka, yanzu ba shi da amfani gare shi. Da abin ya ishe ni sai na tafi wurin Malam da kaina. Ya karɓe ni da kyau, har ya sa aka kawo mini kunu. Na durƙusa na faɗa masa komai, na ce laifina ne, ni na raba Baba da mashin ɗinsa. Bai ɗago daga ɗinkin ba.

"Ɗana, kai ka roƙa, shi ya bayar. Ya fi ka sanin abin da ya bayar."

"Malam, gwiwarsa ce. Wallahi ya gwada turawa."

"Da ya aiko ka ka ce ina nemanka, da na zo da ƙafata har ofis. Tashi ka sha kununka."

Na dawo ina kuka a kan hanya kamar ƙaramin yaro. Abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma Baba ya sani. Ya ce wannan dabarar ba ta zo masa ba sai da ya kashe injin a bakin lungu ya ga mutane.

Shekara ɗaya da rabi aka yi a haka. Sai Malam ya kwanta ciwo. Baba ya je sau uku, yana zama a zaure tun hantsi har Azahar, a fito a ce jikin ba ya son magana. Ranar da ya rasu, Baba ya bi gawa har maƙabarta da sandarsa, ya tsaya can baya. Mutumin da ya fi kowa sanin mamacin, ko ƙasa bai matsa ya zuba ba, don bai san ko ana so ba.

Bayan addu'ar bakwai ƙanen Malam ya yi sallama a gidanmu da ƙunshi a hannu. Ya ce marigayi ya bar wasiyya a mayar wa mai shi. Ni ban ma san da zancen ba. Ashe tun kafin zuwan farin mashin Baba ya kai masa farar shadda, ya ɗinka masa babbar rigar da zai sa ranar ritaya. Baba ya kwance ƙunshin. Rigar ce, an haɗa ta, amma babu zare ko ɗaya na ado a jikinta.

"Ya kusa gamawa lokacin da abin ya faru," in ji ƙanen, kansa a ƙasa. "Sai ya zauna ya warware. Wata biyu yana yi da bakin allura, ɗaya bayan ɗaya, ga ido ba lafiya. Na ce ya sa reza mana, ya ce a'a, kada ya ɓata maka shadda."

Da mutumin ya tafi, Baba ya ce in kama masa gefe ɗaya. Muka fita tsakar gida muka ɗaga ta a rana. Hasken ya biyo ta ramukan allura, dubbai, a jere, tun daga wuya har ƙasan aljihu, zanen duk yana nan. Aska takwas ce, adon da ake yi wa sarakai da manyan malamai, wanda ke cin mutum wata da watanni. Baba ya daɗe yana bi da yatsa.

"Aska biyu na ce ya yi mini," ya ce. "Na ce masa ita ce daidai da ni."

Ya saki gefensa ya koma zaure, ya bar ni riƙe da ita.