Takardar cikar shekarar Boyan

Shekara talatin Rayna Garova ta yi tana koyar da ilimin halittu a makarantar ƙauyenmu, a bakin kogin Danube. Ban da darasi da sakamakon jarabawa ba ta rubuta komai, har ɗanta Boyan ya rasu a haɗarin mota yana da shekara ashirin da shida. Bayan arba'in ta sayi littafin rubutu. Kowace safiya takan zauna a tsakar gida ta rubuta abin da shamuwoyin da ke kan bututun hayaƙin gidanta suka yi: wadda ta kawo kara, wadda ta kawo kwaɗo, da ƙarfe nawa.

Da shekara ta zagayo, ta je shagon Stamen mai buga takardu, a yi mata takardar tunawa da mamaci, wadda ake mannawa a ƙofar gida da jikin bishiyoyi. Ya turo mata kundin baitocin da kowa ke zaɓa.

"Baiti na sha biyu iyaye mata suka fi so, Malama. Da hawaye, da mala'iku."

Ta miƙa masa shafi ɗaya daga littafinta. Ya karanta a fili: "Ashirin ga Maris. Namijin ya dawo shi kaɗai. Kwana uku yana gyaran sheƙa. Bai tashi ba ko da aka yi ƙanƙara."

"Haba Malama! Labarin tsuntsu a ƙarƙashin hoton yaro? Matan coci sai sun cinye ki ɗanya. Cewa za a yi kin zare."

"Sun riga sun faɗa."

"To mu ƙara layi ɗaya na kuka a ƙasa, saboda bakin mutane."

"Stamen, shekara uku kana ajina ba ka bambance kwaɗo da ƙadangare ba, yau kai ne mai gyara min rubutu? Mai baitin nan bai san Boyan ba. Sheƙar nan kuwa ni da Boyan muka ƙirga ƙwanta, yana kan tsani ina riƙe masa. Abin da idona ya gani na rubuta. Buga."

Ya buga, yana girgiza kai.

Da kanta ta manna, ɗaya a ƙofarta, ɗaya a tashar bas, ɗaya a bishiyar harabar coci. Ranar Lahadi aka tarar an yage ta cocin. Rayna ta koma gida ta ɗauko wata, ta kafa ta da ƙusa huɗu, ta tsaya a gefenta da guduma a hannu har aka fito daga ibada.